Wa ke da haƙƙin kwana a tseren Formula 1?

Tambaya: Na kalli tseren Austin na 2024, na ga Verstappen ya tura Norris waje a kwana, su biyun duk suka sauka daga hanya, amma Norris aka hukunta. Mako guda bayan haka a Meziko sai ga Verstappen an hukunta shi har sau biyu, a kan abin da ni a idona kusan iri ɗaya ne. Shin akwai doka kan yadda ake wuce mota a wannan tsere, ko alƙalai abin da suka ga dama suke yi?

Amsa: Malam, doka akwai ta, kuma a duka tseren biyu ita alƙalan suka bi. Abin da ya rikita ka shi ne kana kallon inda motocin suka ƙare, su kuwa alƙalai inda suke zuba ido shi ne ƙuryar kwana, wato daidai wurin da mota ta fi matsowa kusa da gefen ciki kafin direba ya fara warware sitiyari. Nan ake yanke shari'ar, abin da ya biyo baya sakamako ne kawai.

Hukumar FIA, mai kula da tseren motoci a duniya, tana da takardar jagora da take bai wa alƙalai da direbobi, wadda ta fitar wa jama'a a watan Yunin 2025. A takardar ta 2025, mai son wucewa ta ciki dole tayoyinsa na gaba su kai aƙalla daidai madubin motar da yake bi, kafin ƙuryar da kuma a kanta. Dole motar ta kasance a hannunsa, ba ya faɗo ne kawai da taya a kulle tana hayaƙi ba, kuma dole a ga cewa zai iya gama kwanar ba tare da ya tsallake farin layin da ke iyakar hanya ba. In ya cika waɗannan, kwana tasa ce, na waje shi zai ɗaga ƙafa. Mai bi ta waje sharaɗinsa ya fi tsauri: sai tayoyinsa na gaba sun sha gaban tayoyin gaban abokin karawarsa a ƙuryar kafin a ce dole a bar masa hanya. A 2024 kafaɗa da kafaɗa ma ya isa, daga baya aka ƙara matse shi.

To mu koma Austin, zagaye na 52, kwana ta 12, wadda ke ƙarshen doguwar miƙaƙƙiyar hanya. Norris ya zo ta waje, har ya ɗan sha gaba kafin a taka birki. Motocin nan suna saukowa daga gudun sama da kilomita 300 a awa zuwa ƙasa da 100 cikin tazarar mita ɗari da 'yan kai, saboda haka wanda ya jinkirta birki da ƙiftawar ido, ko ya sake shi da wuri, hancin motarsa zai riga isa ƙurya. Haka Verstappen ya yi. Ya riga isa, amma da gudun da tayoyinsa ba za su iya juya motar ba, sai ya zarce waje, Norris da ke gefensa shi ma ya bi. Norris ya dawo kan hanya yana gaba, bai mayar da wurin ba. Alƙalai suka ce a ƙurya ba ya daidai da Verstappen, don haka ba shi da haƙƙin a bar masa hanya, kuma a wajen hanya ya wuce. Hukuncin wannan laifi daƙiƙa 10 ne, suka rage masa zuwa 5 saboda ba shi da wurin zuwa da Verstappen a gefensa. Wannan ta sauko da shi daga na uku zuwa na huɗu.

A Meziko, zagaye na 10, kwana ta 4, Norris ya sake zuwa ta waje, amma wannan karon shi ke gaba a ƙurya. Hanya ta zama haƙƙinsa, Verstappen ya tura shi kan ciyawa: daƙiƙa 10. 'Yan kwanoni bayan nan, a wannan zagayen, Verstappen ya faɗa ta ciki daga nesa, ya kasa tsayawa a hanya, ya fita da su biyun kuma ya riƙe wurin: wasu daƙiƙa 10. Ido na ganin abu ɗaya, amma bambancin bai wuce 'yan taku na hancin mota ba.

Ra'ayinmu dai, ƙorafinka yana da tushe. Dokar da ta ɗora komai a kan wanda ya riga isa ƙurya tana koya wa direba ya yi tseren isa can ko da ba zai iya fita lafiya ba, kuma a Austin mai kare wurinsa ya bar hanya bai biya komai ba. Shi ya sa direbobi suka matsa wa FIA lamba a ƙarshen kakar ta sake duba takardar. Rabin matsalar ma ba ta doka ba ce, ta filin ce. Bayan farin layin kwana ta 12 kwalta ce shimfiɗe. Da tsakuwa ce, babu direban da zai saki birki haka, don motarsa ce za ta fara nutsewa. A Austriya, inda aka duba tsallaken layi sama da 1,200 a tseren 2023, siririyar tsakuwa suka zuba a bayan kwanoni biyu na ƙarshe a shekarar da ta biyo, maganar ta lafa.

Shi ma mai kare wuri yana da nasa takunkumin, kuma wannan a cikin dokar kanta yake, ba a takardar jagora ba. Sau ɗaya kawai zai karkata ya tare hanya. In ya koma layin tsere, wato inda motoci suka saba bi don ya fi sauri, kafin kwana, sai ya bar faɗin mota guda tsakaninsa da bakin hanya, kusan mita biyu ke nan. Lilo hagu da dama haramun ne. Mafi haɗari shi ne canza layi bayan an taka birki, domin na baya ya riga ya ba tayoyinsa duk aikin da za su iya, ba shi da sauran abin kaucewa.

Hukunci kuma ana auna shi da laifin, ba da ɓarnar ba. A Silverstone a 2021 Hamilton ya taɓa tayar bayan Verstappen a kwanar Copse, motar Verstappen ta daki shinge da ƙarfin da aka auna 51G, wato ninki 51 na ƙarfin jan ƙasa, amma daƙiƙa 10 aka ba Hamilton, ya kuma ci tseren. Ana biyan daƙiƙun ne a wurin canjin taya, motar a tsaye babu makanikin da zai taɓa ta sai lokacin ya cika. In babu sauran tsayawa, a ƙara su a kan lokacin ƙarshe. Akwai kuma makin laifi a lasisi: 12 cikin wata 12, a hana direba shiga tsere guda, kamar yadda ya faru da Kevin Magnussen a Baku a 2024.

Zagayen farko ana ɗan sassautawa saboda cunkoso. A Jidda a 2025 Piastri ya shiga ta ciki a kwana ta farko, Verstappen ya yanke ta waje ya fito a gaba, aka ba shi daƙiƙa 5 maimakon 10. Da ya mayar da wurin nan take da an bar maganar, amma tun 2022 shugaban tsere ya daina umartar kowa ya mayar. Ƙungiya ce za ta duba bidiyo ta yanke shawara cikin zagaye ɗaya ko biyu. Red Bull, ƙungiyar Verstappen, ta zaɓi riƙewa, Verstappen ya biya daƙiƙun a wurin canjin taya, Piastri ya fito gabansa ya ci tseren.