Kamanni na fitowa, amma fuskar babu rai

Tambaya: Malam, ni matashi ne a Aboabo, Kumasi. Ban taɓa shiga makarantar zane ba, da biro na fara a bayan littafi. Yanzu ana turo mini hoto ta WhatsApp in zana a biya ni. Kamanni na fitowa, amma fuskar sai ta zama kamar ta gunki. Ina matsalar take?

Amsa: Ƙanena, rashin makaranta ba shi ne ciwonka ba. Kwame Akoto, mai shagon zane na Almighty God a Suame nan kusa da ku, wajen masu rubuta allon talla ya koyi aiki, ga shi ana baje zanensa har Turai.

Ciwonka wayar ce. Kyamara tana cinye inuwa, ta shafe fuska sumul, kai kuma kana kwafar ragowar da ta bar maka. Ka zaunar da mutum a gabanka. Kakarka ma ta isa, in za ta yi haƙurin minti 20 a bakin ƙofa da hantsi, haske na dukan gefe ɗaya na fuskarta. Kada ka yi saurin zuwa ido. Fara auna kai: idanu a tsakiya suke, rabin tazarar da ke tsakanin tsakar ka da haɓa. Masu koyo sukan ɗaga su sama, goshi ya tsuke. Tsakanin ido da ido kuwa faɗin ido ɗaya ne.

Sai launi, inda na fi ganin ɓarna. Fatarmu ba baƙin fenti da ruwan ƙasa ba ce. Tsaya ka dubi mai sayar da waake da tsakar rana: shuɗin sama na kwance a goshinta, ƙasan kumatu ja-ja ne, kunne kamar garwashi in rana na bayansa. Haɗa ruwan ƙasa mai duhu da shuɗi, ka sami inuwa mai numfashi. Amoako Boafo, mai zane ɗan Accra, da yatsu yake murza shuɗi cikin ruwan ƙasa a fatar mutanensa, ko da yake shi ya yi makarantar zane ta Ghanatta. Farin ido ma ba fari tas ba ne; dusashe shi, ka bar ɗigon haske ɗaya kacal.

In tsohuwar na da tsage, zana shi yadda yake bin lanƙwasar kumatu, kada ya zama layin rula.

Masu biya za su ce ka ɗan haska su. Yi musu, kuɗinsu ne. Amma na kakar taka, ajiye shi da launinta.