Amsa: Mun sayi tsohuwar majami'a, mu sake mata fasali ko mu gyara ta?

Ɗan'uwa, ka ce ikilisiyarku ta sayi wata tsohuwar majami'ar dutse a Ingila wadda masu ita na asali suka bari, kana tambaya ko ku kwashe duk abin da ke ciki ku sake fasali. Na daɗe ina aiki a kwamitin gyaran irin wannan gini, kuma shawarata ita ce kada ku ɗaga guduma sai kun san tarihinsa.

Gini ya sauya hannu ba sabon abu ba ne. Wanda ke titin Brick Lane a Landan, Furotestan 'yan asalin Faransa da ake kira Huguenot ne suka gina shi a 1743, bayan tsanantawar da ta kori jama'arsu daga ƙasarsu tun 1685. Mabiya ɗarikar Methodist suka karɓe shi a 1819, a ƙarshen ƙarni na 19 ya zama wurin ibadar Yahudawa, sannan a 1976 Musulmi, akasarinsu 'yan asalin Bangladesh, suka mayar da shi masallaci. Duk da haka agogon rana na maginan farko yana nan a bangonsa har yau, kuma ban ga abin da barinsa ya rage wa ibadar kowa ba.

Saboda haka ku nemi tsofaffin takardu da hotunan ginin, ku kuma zauna da dattawan tsohuwar ikilisiyar idan akwai waɗanda suka rage, domin su ne suka san inda kaburbura suke da kuma iyalan da sunayensu ke kan allunan bango. Ku bincika ko yana cikin jerin gine-ginen tarihi da doka ta kare. Idan yana ciki, cire mumbari ko taga ba da izinin ƙaramar hukuma ba laifi ne, kuma sassaucin da wasu manyan ɗariku ke da shi wajen neman wannan izini ba ya bin gini zuwa hannun sabon mai shi.

A wajen gyara, ruwa ne babban abokin gaba. Mu da rufi da indararo muka fara, duk da cewa jama'a sun fi ɗokin ganin sabon fenti da na'urar sauti, domin ɗigon da aka ƙyale shi ne yake ruɓar da katakon rufi a ɓoye. Abin da na fi jin tsoro shi ne siminti. Da kwaɓin farar ƙasa aka ɗaura waɗannan duwatsu, wanda yake barin danshi ya fita, shi kuwa siminti yana kulle danshin a ciki, sanyin hunturu ya daskarar da shi, fuskar dutsen ta riƙa ɓarewa. Ku nemi maginin da ya saba da farar ƙasa ko da ya fi tsada, kuma ku bar bango ya bushe sosai kafin a yi masa shafe.