Shin mai zanen asibiti zai iya aron dabara daga gidan zama?

Ka tambaya ko ya dace mai zanen asibiti ya ari fasali daga wasu gine-gine. Ya dace ƙwarai, kuma misalin da ya fi gamsar da ni shi ne cibiyoyin Maggie's na masu ciwon daji a Birtaniya. An buɗe ta farko a Edinbara a 1996, cikin wata tsohuwar bargar dawaki da aka gyara a harabar asibiti. Ba a sa kantar karɓar baƙi a ƙofa ba. Wanda ya shigo teburin kicin yake tararwa, ya haɗa shayinsa da kansa, ya zauna kamar a gida, domin wanda aka faɗa wa mummunan sakamako ba layin kujeru yake bukata ba.

Amma aron yana da iyaka, tunda ɗakin tiyata dole ne ya bi dokar tsafta da hana yaɗuwar cuta.

A wajenmu kuwa, ina ganin tsakar gida ce ta fi cancantar a ara, saboda 'yan jinya suna kwana a baranda alhali fili mai inuwa, da famfo da wurin girki, zai wadatar da su.