Lasisin tuƙi na Najeriya a Ingila: har yaushe zai yi maka aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata bakwai ke nan da zuwana birnin Lesta (Leicester) a Ingila, ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu, kuma aikin ba ya yiwuwa sai da mota. Ina da lasisin Najeriya, na haura shekara goma ina tuƙi tsakanin Kano, Kaduna da Abuja. Wani ya ce min in dai ina da lasisin ƙasa-da-ƙasa ba ni da matsala, wani kuma ya ce aikawa kawai zan yi a musanya min da na Ingila. Wanne ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba da sa'a a wurin aiki. Duk su biyun ba su faɗa maka daidai ba, kuma gara da ka yi tambayar yanzu, domin lokacin da ya rage maka bai kai yadda kake zato ba.

Dokar Birtaniya ta ba mai lasisin Najeriya damar tuƙa ƙaramar mota har tsawon wata 12, ana ƙirgawa daga ranar da ya zama mazaunin ƙasar. Ba daga ranar da ya sayi mota ba, ba kuma daga ranar da ya fara aiki ba. Ka ci bakwai, saura biyar. Ko ka je gida hutu ka dawo, lissafin ba ya komawa farko. Shi kuwa lasisin ƙasa-da-ƙasa, takarda ce mai rakiyar lasisinka na gida don jami'an wata ƙasa su iya karanta shi. Ba ya ƙara maka ko kwana ɗaya a kan wata 12 ɗin, komai tsawon wa'adin da aka buga a jikinsa.

Musanya kuma akwai ta, sai dai ba da mu ba. Akwai jerin ƙasashen da Birtaniya ke karɓar lasisinsu ta ba da nata ba tare da jarabawa ba, irin su Kanada, Japan, Ostireliya, Afirka ta Kudu da Zimbabuwe. Najeriya ba ta ciki, haka ma Nijar da Gana. Hanya ɗaya ce a gabanka: lasisin koyo, jarabawar ƙa'idoji, sannan jarabawar kan titi, daidai da yaron da aka haifa a nan.

Lasisin koyo hukumar DVLA ce ke bayarwa, wadda ke Swansea a yankin Wales. Ta shafin gwamnati na gov.uk fam 34 ne, ta gidan waya fam 43. Za su nemi shaidar izinin zamanka da adireshinka, kuma dole ka iya karanta lambar mota daga nisan mita 20. Ka nema a wannan makon. Mutanenmu da yawa suna ƙin nemansa da wuri don tsoron kada ya soke musu damar tuƙi su kaɗai. Ba ya sokewa. Muddin wata 12 ɗinka bai cika ba, za ka ci gaba da tuƙi da na Najeriya, ba sai ka manna alamar L ta ɗan koyo ba, ba sai wani ya zauna a gefenka ba.

Jarabawar ƙa'idoji fam 23 ce, a kan kwamfuta ake yi, kuma kashi biyu ce. Na farko tambayoyi 50 cikin minti 57, ana so ka ci 43. Na biyu gajerun bidiyo 14 ne, kana kallon titi kamar kai ne kan sitiyari, kana danna maɓalli da zarar ka hango haɗari yana tasowa. Maki 44 cikin 75 ake nema. Sai ka ci duka biyun a zama ɗaya. Da Turanci ake yi ko harshen Wales, tun 2014 aka daina yarda da tafinta. Ka samu littafin dokokin hanya na ƙasar ka karanta shi tun daga bango har bango, kada ka dogara da haddace amsoshi a waya. Sharaɗin zama a ƙasar na kwana 185 kafin jarabawa ka riga ka cika shi. Idan ka ci, takardar tana aiki shekara biyu, kuma da lambarta za ka nemi ranar jarabawar titi.

A nan ne abin ke ɗaure wa mutane kai. Tun bayan korona layin jarabawar titi ya yi tsawo, a cibiyoyi da dama jiran kan kai wata biyar. Ka ga ke nan idan ka ƙara jinkirin wata ɗaya, da wuya ka samu rana kafin wa'adinka ya cika. Ka duba cibiyoyin garuruwan da ke kusa da Lesta, ka kuma riƙa leƙa shafin don samun gurbin waɗanda suka fasa. Kuɗin fam 62 ne a ranakun aiki, fam 75 da yamma ko ƙarshen mako. Duk wanda ya ce zai sayar maka da rana a kan ɗaruruwan fam, ka rabu da shi. Wanda ya ce zai shiga jarabawar a madadinka kuwa, gidan yari yake nema muku ku biyu, kuma takardar zamanka ce za ta fara shan wahala.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Shekara goma ɗin nan da kake alfahari da ita, rabinta taimako ne, rabinta kuma ita za ta kayar da kai idan ba ka yi hattara ba. Kusan rabin masu shiga jarabawar faɗuwa suke yi, kuma tsofaffin direbobi suna cikinsu sosai. Mai jarabawa na DVSA, hukumar da ke shirya jarabawar tuƙi, ba gwanintar hannu yake aunawa ba. Abin da yake dubawa shi ne ko ka kalli madubi kafin ka taka birki, kafin ka ba da sigina, kafin ka canza layi. Ko ka waiga ta kafaɗa kafin ka tashi daga bakin titi. Ko ka duba dama da hagu da kyau a mahaɗa kafin ka fito. Shekara da shekaru rashin dubawa a mahaɗa da rashin kallon madubi su ne kan gaba wajen kayar da mutane. Direban da ya saba da cunkoson Kano yana ganin komai da wutsiyar ido, yana cusa kan mota a ƙaramin gurbi, yana danna ham don a san da zuwansa. A can wannan ƙwarewa ce. A nan, idan fitowarka ta sa wata mota ta rage gudu, babban kuskure ne, kuma guda ɗaya ya isa. Ƙananan kurakurai ana yafe har 15, babba ko mai haɗari ba a yafe ko ɗaya.

Ga kuma tuƙi a hannun hagu na titi. Najeriya ta bar shi tun Afrilun 1972, don haka yawancinmu ba mu tashi da shi ba. A miƙaƙƙen titi ba ya ba da wahala, amma a shatale-tale, inda za ka ba wa na damanka hanya, da kuma lokacin da ka fito daga lungu titi babu kowa, hannu kan koma inda ya saba. Gudu da mil ake auna shi: iyakarsa 30 a cikin gari, 70 a babbar hanya (motorway), kuma unguwanni da yawa 20 ne. Tafiyar hawainiya a inda ya kamata ka yi sauri ita ma kuskure ce. Tun 2022 kuma, idan za ka karya kwana ka ga mai tafiya a ƙasa yana jiran tsallakawa, shi ne da hanya.

Shi ya sa nake ba duk tsohon direba shawarar ya biya malamin tuƙi mai rajista, ko da na awanni kaɗan ne. Za ka gane shi da koren kati a gilashin gaban motarsa. Mai ruwan hoda ɗalibin malanta ne. Ka ce masa ya gwada ka kamar ranar jarabawa, ya faɗa maka gaskiya. Na san kuɗin yana da ciwo ga mai aika wa gida, amma faɗuwa ta fi tsada, don bayan kuɗin sake biya sai ka jira aƙalla kwana 10 na aiki, sannan ka koma bayan layi.

Jarabawar kanta kusan minti 40 ce. Za a fara da gwajin ido, a yi maka tambaya biyu kan lafiyar mota, a sa ka yi fakin ko ribas sau ɗaya, sannan wajen minti 20 ko fiye kana bin na'urar nuna hanya ko allunan titi da kanka. Ka yi tunani a kan motar da za ka shiga da ita: wanda ya ci da otomatik, otomatik kaɗai lasisinsa ya halatta masa. Idan da giyar hannu ka saba, ka yi da ita, ka samu duka biyun.

To, idan wata 12 ya cika ba ka ci ba fa? Daga ranar ka zama ɗan koyo a idon doka. Sai da alamar L gaba da baya, sai da wanda ya haura shekara 21 kuma ya riƙe cikakken lasisin da ƙasar ta amince da shi na shekara uku a gefenka, ba ka hawa babbar hanya sai da malami mai rajista a motar koyo. Aikinka na zagaya gidaje ba zai yiwu a haka ba, don haka ka sanar da shugabanninka tun yanzu su san yadda za su tsara maka. Kada ka ce wa zai sani. Tuƙi ba bisa ƙa'idar lasisi ba yana jawo makin laifi 3 zuwa 6 a kan lasisinka da tarar da ka iya kaiwa fam 1,000, kamfanin inshora na iya janye jikinsa, rashin inshora kuma fam 300 ne da maki 6, 'yan sanda su tafi da motar. Tunda da motar kake aiki, ka tabbatar inshorarka ta haɗa da zirga-zirgar aiki, ba zuwa da dawowa kaɗai ba.

Makin nan ba sa ɓacewa ranar da ka ci jarabawa, suna biyo ka kan sabon lasisin. A shekara biyun farko bayan cin jarabawa, wanda makinsa ya kai 6 karɓe lasisin ake yi, ya koma neman na koyo, ya sake jarabawa biyun daga tushe. Riƙe waya a hannu kana tuƙi kaɗai maki 6 ne.