An ɗauke min jika a Amurka, me zan yi daga nan?

Tambaya

Assalamu alaikum Malama. Ni tsohuwa ce a Zangon Kumasi, jikata ce take rubuta min wannan. 'Yata tana aure a Bronx, cikin birnin Nuyok. Yaranta biyu, mace mai shekara biyu da rabi da namiji ɗan wata takwas. Ruwan shayi ya zuba wa jaririn a cinya, ta shafa masa zuma da man goge baki. Ta ji tsoron zuwa asibiti saboda takardunta ba su fito ba, sai bayan kwana uku da wurin ya kumbura ya fara ruwa ta kai shi. Daga asibitin aka kira hukuma, aka ɗauke shi aka ba wata mata da ba mu sani ba. Babbar tana gida amma ana zuwa duba ta. Wata biyu ke nan. Ta ce duk wata ana tara mutane sun kai goma a kan maganar yaron, kuma akwai wata da ke zama da ita a ƙasa suna wasa da shi. Mijinta direban tasi ne, ya ce ba zai je ya zauna a tozarta shi ba. Mutane a nan suna cewa in Turawa suka karɓi yaro shi ke nan, wasu kuma suna cewa ta ɗauko babbar ta gudo gida. Su wane ne waɗannan mutanen? Zai dawo? Ni da nake nesa me zan iya yi? Ba na iya barci.

*Wata kaka, Kumasi*

Amsa

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba yaron lafiya, ya sanyaya miki zuciya. Zan fara da maganar gudu don ita ce mai haɗari: kada ta motsa da yarinyar nan ko nan da can ba tare da sanin lauyanta ba. Shari'a tana gaban alƙali. In ta fita da babbar a ɓoye, za ta bar jaririn a hannun mutane, kuma ta ba su hujjar cewa ba mai amana ba ce. Duk wanda ya ba ta wannan shawara, ko da son ta yake yi, ki ce masa ya bari.

Ni ba lauya ba ce, tafinta ce. Aikina shi ne in zauna kusa da iyaye a kotun iyali da wuraren zama irin wanda 'yarki take zuwa, in mayar musu da abin da ake faɗa cikin Hausa. Daga wannan kujera nake ba ki amsa.

Likitoci da malaman jinya a Amurka doka ta wajabta musu su kai rahoto ga hukumar kare yara in suka yi zargin an cutar da yaro ko an yi sakaci da shi. Ƙunar shayi tana faruwa a kowane gida, su ma sun sani. Abin da ya tayar musu da hankali shi ne kwana ukun nan. Na fahimci tsoronta sarai, amma a takardarsu abin da za a rubuta shi ne an bar jariri da ciwo ba magani. Ga masu karatu kuma: in yaro ya ƙone, a sa wurin ƙarƙashin ruwan famfo mai ɗan sanyi kamar minti 20, kada a shafa komai, a tafi asibiti a ranar.

Ba zan ce miki tsarin nan adalci ne zalla ba. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya ƙiyasta cewa fiye da rabin yaran baƙar fata a Amurka hukuma takan binciki gidansu kafin su kai shekara 18, kuma sau da yawa talauci da rashin mataimaki ake kira sakaci. Wannan yana min ciwo ƙwarai. Duk da haka, maganar "shi ke nan" ba gaskiya ba ce. Doka ta ɗora wa hukuma cewa ta yi ƙoƙarin mayar da yaro ga iyayensa, kuma komawa gida ita ce hanyar da yara suka fi bi wajen fita daga hannun masu riƙo.

Taron da kika ji labari ya yi kama da shirin da ake kira Strong Starts, wanda aka fara a kotun iyali ta Bronx a 2015 domin yara daga haihuwa zuwa shekara uku. Asalin tunanin ya girmi haka. A ƙarshen shekarun 1990, wata alƙaliya a Miyami, Cindy Lederman, ta haɗa kai da masaniyar halayyar yara Joy Osofsky, suka shigo da ilimin girman jarirai cikin kotu. A 2005 ƙungiyar Zero to Three ta fara kafa irin wannan haɗin gwiwa a kotunan jihohi daban-daban. Dalilinsu a fili yake. Jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya su ne rukunin da aka fi ɗaukewa daga gida, kuma a tsarin da aka saba, sai a yi watanni tsakanin zaman kotu da na gaba. Babba zai iya jiran wata shida. Jikanki kuwa a cikin wata shida zai yi rarrafe, ya miƙe, ya fara kiran wani "mama". Shi ya sa suke zama duk wata, gaban alƙali ɗaya da ya san fuskar kowa.

Waɗanda ke kewaye da teburin: akwai lauyan 'yarki, wanda a jihar Nuyok kyauta ake ba iyayen da ba su da hali. Akwai lauyan yaron, nasa shi kaɗai, da lauyan hukuma, da ma'aikaciyar da ke riƙe da fayil ɗin, da matar da ke riƙon yaron, da mai tsara shirin, wadda ta ƙware a lafiyar tunanin jarirai kuma ita ke bibiyar kowa don kada alkawarin da aka yi a watan jiya ya kwana a takarda. Akwai kuma masu duba girman yaro, domin tun 2003 dokar tarayya ta ce duk yaron da bai kai shekara uku ba aka tabbatar da sakaci a kansa, a tura shi a duba zamansa da jinsa da motsinsa da maganarsa, kuma a Nuyok iyaye ba sa biyan ko kwabo.

A cikin waɗannan duka, wanda 'yarki za ta faɗa wa cikinta ba tare da fargaba ba shi ne lauyanta, don doka ta kare sirrin da ke tsakaninsu. Sauran, abin da ta faɗa musu zai iya shiga rahoto. Ta gaya masa maganar takardunta tun yanzu. Ofisoshin da ke kare iyaye a birnin, irin su Bronx Defenders, suna aiki ne a ƙungiya: lauya, da ma'aikaciyar walwala, wani lokaci kuma da wata uwa ko uba da a da aka taɓa ɗauke masa yaro ya kuma karɓo abinsa. Wani bincike na 2019 ya gano cewa yaran iyayen da suka sami irin wannan kariya zamansu a hannun masu riƙo ya ragu da kusan wata huɗu. Ta kuma tambayi lauyanta game da zaman gaggawa da dokar jihar ta tanada, inda uwa ke neman a maido mata da ɗanta a saurare ta cikin kwana uku na aikin kotu. Shi zai san lokacin da ya dace a nema. Kada ta sa hannu a takardar da ba a fassara mata ba, kuma tana da haƙƙin neman tafinta na Hausa ko da tana jin Turanci kaɗan-kaɗan.

Mai zama da ita a ƙasa ita ce na fi so ki fahimta, don iyayenmu sukan raina aikinta. Jikanki yana daidai shekarun ƙiwa. Abin da na sha gani shi ne uwa ta shigo ɗakin ziyara da gudu, ta miƙa hannu, yaron ya kau da kai ya maƙale a wuyan mai riƙo. Uwar ta tsaya hannunta a miƙe, idonta ya cika, ta juyo ta ce da ni cikin Hausa, "Ya manta ni." Wata ma ta ce an yi masa wani abu. Nan mai wannan aikin za ta ce ta zauna a kan shimfiɗa, kada ta fizge shi, ta yi masa waƙar da take yi masa in tana goya shi. Sai ka ga yaron ya yi shiru, ya leƙo, ya koma, ya sake leƙowa. Wani lokaci minti goma, wani lokaci sai zuwa na gaba kafin ya rarrafo ya dafa gwiwarta. Za ta bayyana wa uwar cewa bai manta ba, tsoro ya ji da ciwon da rabuwar, kuma bai da bakin faɗa. Ana yin wannan zama mako-mako, yakan ɗauki watanni, kuma bayanin wannan mata yana da nauyi a kunnen alƙali.

Saboda haka ziyara ita ce komai. Kada ta fasa ko ɗaya, kada ta makara, kuma lauyanta ya riƙa neman a ƙara yawanta, don ga jariri gajeriyar ziyara sau da yawa a mako ta fi doguwa sau ɗaya. In har tana da nono, ta nemi a bar ta ta shayar da shi a wurin, ta tatsa ta bayar a tafi da shi. Ta ba mai riƙon zanen goyonsa wanda ke da ƙamshin jikinta. Na san zuciyarta ba za ta so matar nan ba. Ta daure ta gaishe ta, ta gaya mata abin da yaron yake ci da abin da ba ma ci, da yadda yake son a kwantar da shi. Dokar jihar Nuyok ta ce a kula da addinin yaro wajen zaɓar masa gidan riƙo gwargwadon iko, don haka neman gidan Musulmi haƙƙinta ne, ba roƙo ba.

Yanzu ga aikinki, Hajiya, kuma babba ne. Dokar tarayya ta 2008 ta ce cikin kwana 30 da ɗauke yaro a nemi kakanni da sauran dangi a sanar da su. Kotu ta fi son yaro ya zauna wurin nasa. Abin da ke ba ni takaici shi ne mu da kanmu muke toshe wannan ƙofa. A tambayi uwa, "Kina da wani a garin nan?" ta sunkuyar da kai ta ce babu, alhali ƙanwar mijinta tana tasha uku daga gidanta. Kunya ce, kada a ji a masallaci, kada labari ya kai Zango. Mu da muka tashi da riƙo, yaro ya girma a ɗakin goggonsa ko kakarsa ba wanda ya ga aibu, yau mun koma ɓoye dangi a lokacin da aka fi bukatarsu. Ke kika san kowa. Ki zauna da jikarki ku rubuta sunan duk wani ɗan'uwa da aminin gida da ke Nuyok da kewaye, na ɓangarenki da na ɓangaren mijin, da lambar wayarsa, ku tura wa 'yarki ta miƙa wa lauyanta. A Nuyok ba dole sai na jini ba, aminiyar da yaron ya saba da ita ma ana iya duba ta. Za a je a ga gidan, a ɗauki hoton yatsun manyan da ke ciki, a bincika tarihinsu. Ki kira mutumin da kanki ki roƙe shi, don roƙon tsohuwa ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Akwai agogon da ke tafiya, ya kamata ku san da shi. Dokar 1997 ta ce in yaro ya yi wata 15 cikin wata 22 a hannun masu riƙo, hukuma ta nemi kotu ta yanke haƙƙin iyaye, sai dai in akwai dalilin da doka ta yarda da shi. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne yaron yana hannun dangi. Kuna wata na biyu, da sauran lokaci, amma ba na wasa ba. In 'yarki ta ji ana maganar "shiri na biyu" a taron, kada gabanta ya faɗi. Haka suke yi wa kowa, suna aikin mayar da yaro suna kuma tanadin inda zai zauna in hakan ya gagara. Sunan da kika aiko shi ya kamata ya cike wannan gurbi.

Ki kuma duba 'yarki ita kanta. Da a gabanki ta haihu, da ta yi kwana arba'in ana dafa mata ruwan wanka, ana dama mata kunun kanwa, ana karɓar jaririn ta rintsa. A can ta yi jego ita kaɗai a bene, da 'yar ƙarama a gefe da miji a kan titi har asuba. In tana yawan kuka, ko barci ya gagare ta, ko ta daina jin daɗin komai tun bayan haihuwar, wannan ciwon damuwa ne da ke kama mata da yawa bayan haihuwa kuma yana da magani. Ta fara gaya wa lauyanta, su nemi a haɗa ta da likita. In kin kira ta, ki bar maganar zumar nan, ta riga ta yi wa kanta faɗan da ya fi naki. Ki tambaye ta ta ci abinci, ki tambaye ta yaushe ne ziyara ta gaba, kuma ta nemi izini a riƙa kiranki ta bidiyo a lokacin ziyarar don yaron ya ji muryarki.

Sai surukinki. Na gane zafin da yake ji, namiji ya zauna baƙi suna tambayarsa yadda yake tafiyar da gidansa. Amma kujerarsa in ta zauna ba kowa, abin da ake rubutawa shi ne uban bai halarta ba, ba a rubuta dalili. Shi ma yana da haƙƙin lauya nasa daban, yana da haƙƙin ziyara, kuma in ba a zarge shi da komai ba, yana iya neman kotu ta damƙa masa ɗansa. Ƙila ba wanda ya taɓa gaya masa wannan. In ba ya jin maganarki, ki nemi wansa ko kawunsa ko limamin masallacin da yake zuwa su zauna da shi kafin taron wata mai zuwa. In aikin dare ne matsalar, ya faɗa wa mai tsara shirin tun da wuri a duba lokacin da zai iya zuwa.