Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Manhajojin Ƙididdiga Suke Saɓawa a Gwajin McNemar?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina karatun digiri na biyu a fannin kiwon lafiyar al'umma. Na auna yara 120 da hanyoyi biyu na gano zazzaɓin cizon sauro, wato gwajin gaggawa da kuma duba jini a madubin likita. Hanyoyin sun yi ittifaƙi a kan yara 104. A yara 12 gwajin gaggawa ne kaɗai ya nuna cutar, a yara 4 kuma madubi ne kaɗai. Da na yi gwajin McNemar, wato lissafin da ke duba ko ɗaya hanyar ta fi ɗaya yawan nuna cutar, SPSS ta ba ni ƙimar p (yiwuwar ganin irin wannan saɓani ko fiye idan babu ainihin bambanci tsakanin hanyoyin) ta 0.077, R ta ba ni 0.080, Stata kuma 0.046. Wacce ce ta yi kuskure? — Wata ɗaliba daga Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Babu wadda ta yi kuskure a cikinsu. Kowace manhaja tana da hanyar da take bi idan mai amfani da ita bai zaɓa mata wata ba, kuma hanyoyin nan uku ne daban da aka sa wa suna guda.

Gwajin da Quinn McNemar ya wallafa a 1947 bai damu da yaran nan 104 ba, domin inda hanyoyi biyu suka yarda da juna babu abin da zai nuna wadda ta fi karkata. Abin dubawa shi ne yara 16 da aka samu saɓani a kansu. A lissafin asali ana cire 4 daga 12 a samu 8, a ninka 8 da kanta a samu 64, sannan a raba da 16. Sakamakon 4.0 ne, wanda a ma'aunin kai-sikwaya (ma'aunin da ake mayar da irin wannan sakamako zuwa ƙimar p da shi) yake ba da 0.046. Wannan shi ne abin da Stata ta nuna miki a layin farko, kuma shi ne wata manhajar mai suna SAS take bayarwa idan ba a nemi wani abu dabam ba.

Matsalar ita ce ma'aunin kai-sikwaya kintace ne da yake dacewa idan adadi ya yi yawa, alhali yara ana ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, babu rabin yaro. Saboda haka a 1948 Allen Edwards ya kawo gyara: a rage ɗaya daga bambancin kafin a ninka. Ke nan 8 ta koma 7, 7 sau 7 ya ba da 49, a raba da 16 a samu kusan 3.06, ƙimar p ta tashi zuwa 0.080. R tana yin wannan gyara da kanta sai in an hana ta.

SPSS kuwa ta ajiye kintace gaba ɗaya ta yi lissafin kai tsaye. Idan hanyoyin gano cutar biyu daidai suke, kowane yaro cikin 16 ɗin tamkar jefa kwabo ne, ko ya faɗa wannan ɓangare ko wancan, sai a lissafa yiwuwar rabuwa ta kai 12 da 4 ko ta wuce haka ta kowane ɓangare. Amsar ita ce 0.077. Ki sake duba takardar Stata, za ki ga wannan adadi a layin da ke ƙasa.

Wanne ya kamata ki ɗauka? An daɗe ana koyar da cewa idan masu saɓani ba su kai 25 ba a yi lissafin kai tsaye. Sai dai shi da gyaran Edwards duka suna da tsananin taka-tsantsan, har sukan kasa gano bambancin da yake akwai. A 2013 Fagerland, Lydersen da Laake sun kwatanta hanyoyin, suka fifita lissafin asali marar gyara da kuma wanda ake kira matsakaiciyar p, inda ake ɗaukar rabin yiwuwar sakamakon da aka gani kawai. A bayananki wannan yana ba da 0.049. Ni dai ina tare da su.

Abin da ba zan amince da shi ba shi ne a gwada hanyoyin duka sannan a zaɓi wadda ta sauka ƙasa da 0.05, iyakar da aka saba ɗauka a ce akwai bambanci. Ki tsayar da hanya bisa hujja tare da malamin da ke duba aikinki, ki rubuta sunanta da na manhajar a babin hanyoyin bincike, ki kuma buga cikakken jadawali mai gida huɗu da ke nuna inda hanyoyin gano cutar suka yarda da inda suka saɓa. Bambancin yara 8 cikin 120 kusan kashi 6.7 cikin ɗari ne, kuma shi ne likita zai fi son sani, tare da tazarar amincinsa, wato iyakokin da ake sa ran ainihin bambancin yana tsakaninsu.

Idan nan gaba sakamakonki ya wuce rukuni biyu (akwai cuta ko babu), ki ƙara lura, domin umarnin McNemar na R yana komawa gwajin Bowker na 1948, wanda tambayar da yake amsawa ta bambanta da ta gwajin Stuart da Maxwell.