Ku Tambaya Mu Amsa: Baƙin da Rikici Ya Koro

Tambaya: Daga wani ƙauye kusa da Maigatari nake. Iyalai da suka gudo daga tsallaken iyaka sun sauka a makarantar firamarenmu. Me ya kamata mu fara yi?

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri. Ku fara da ruwa kafin buhun gero. Ma'aunin agaji shi ne aƙalla lita 15 ga kowane mutum kullum, masai ɗaya ga mutum 20, na mata daban. A haƙa shi nesa da rijiya da mita 30, domin da damina ƙazanta kan sulale cikin ruwan sha, nan kwalara ke ɓarkewa.

Yaron da ke gudawa a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada gishirin ya wuce haka, yana illa. Idan idanunsa suka faɗa, a garzaya asibiti.

Mai unguwa ya rubuta sunayensu gida-gida, da masu ciki da yaran da suka rabu da iyayensu, ya miƙa wa hakimi da hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha (SEMA). Su za su sanar da UNHCR, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira. A kuma nemi rigakafin ƙyanda da wuri, cunkoso ke yaɗa ta.